Waiwaye: yadda aka kai ga rainon ƙwayoyin da ke gina mabiyiya

A Garwa da Marwa, da mace ta sauka lafiya sai a binne mabiyiya, ba mai ƙara bi ta kanta. Alhali da ita ake fara ginin. Kwana 3 da rabi bayan shigar ciki a ɓera, kwana 5 zuwa 6 a mutum, ɗan tayi ya zama 'yar ƙwallo mai rami. Ƙwayoyin halittar da ke bangonta su ne tushen mabiyiya, dunƙulen da ke ciki shi ne jariri.

Tun 1981 masana ke rainon ƙwayoyin dunƙulen ɗan tayin ɓera a ɗakin gwaji. Na bango kuwa suka ƙi: da an raba su da dunƙulen sai su daina hayayyafa, su kumbura su zama ƙattai. Ashe wani sinadarin girma ne, FGF4, dunƙulen ke aika musu. A 1995 aka ga ɗan tayin ɓeran da aka hana wa FGF4 yana mutuwa jim kaɗan bayan ya manne a mahaifa.

A 1998 Satoshi Tanaka da Janet Rossant, a Toronto ta Kanada, suka samo haɗin: FGF4 nanogiram 25 a kowace mililita, heparin (maganin hana jini daskarewa) mikrogiram 1 don ya taimaka wa FGF4 kama mazauninsa a jikin ƙwayoyin, wato FGFR2, sai kashi 70 cikin ɗari na ruwan da aka taɓa rainon wasu ƙwayoyin ɗan tayin ɓera a ciki. Daga baya aka gane wasu sinadaran girma, TGF-beta ko activin, su ne sirrin ruwan. Aka janye FGF4 kuwa, cikin 'yan kwanaki ƙattan nan sun dawo.

Abin takaici, haɗin bai yi aiki a ƙwayoyin mutum ba, har shekara 20. Sai a 2018 Hiroaki Okae da Takahiro Arima na Jami'ar Tohoku a Japan suka dace, da wani sinadarin girma mai suna EGF da kunna hanyar isar da saƙo a ƙwayoyi mai suna Wnt, tare da toshe TGF-beta ɗin da ɓera ke buƙata. Shi ya sa bai kamata a ɗora sakamakon ɓera kai tsaye kan mace ba.

Maganar ta shafe mu. Idan ƙwayoyin mabiyiya ba su kutsa sun buɗa jijiyoyin jinin mahaifa sosai ba, hawan jinin masu ciki da jijjiga kan biyo baya. Haka a garken Gudali na Adamawa: bangon ɗan tayi ke fitar da interferon tau, sinadarin da ke sanar da jikin saniya cewa ciki ya shiga, wajen kwana 16 bayan shigar cikin, idan ya yi ƙaranci cikin ya zube, saniya ta koma neman bijimi.