Kuɗin hayaƙi a tsakiyar Birmingham: wa ke biya, kuma ina ake faɗawa tarko

A watan Yuni na 2019 majalisar birnin Birmingham da ke Ingila ta ayyana dokar ta-ɓaci kan sauyin yanayi, ta ɗibar wa kanta wa'adin 2030 na rage hayaƙin birnin zuwa matakin da ba zai ƙara wa duniya zafi ba. Matakin da direba ya fi ji a aljihunsa shi ne yankin iska mai tsabta, inda motoci masu yawan hayaƙi ke biyan kuɗin shiga, wanda ya soma aiki ranar 1 ga Yuni 2021.

Yankin ya ƙunshi duk titunan da ke cikin zoben hanyar A4540 Middleway. Ita kanta hanyar ba ta ciki, don haka wanda ya zagaya ta kanta bai shiga gari ba, ba a bin sa ko kwabo.

Inji ake dubawa. Motar fetur sai ta cika ma'aunin hayaƙin mota na Turai mai suna Euro 4, galibi ƙirar 2006 zuwa sama. Ta dizal sai Euro 6, galibi daga Satumban 2015. Wadda ta gaza, in ƙaramar mota ce ko tasi ko motar ɗaukar kaya ƙarama, fam 8 ne a kowace rana. Bas da manyan motoci fam 50. Mota mai lantarki da babur ba su biyan komai. Kada a dogara da shekarar ƙira kaɗai, a sa lambar mota a shafin gwamnati na intanet a tabbatar.

Babu shinge, babu mai tsayar da kai. Kamarori ne ke karanta lamba dare da rana, har ranakun hutu, kuma ba wanda zai aiko maka da takardar tuni. Ana iya biya tun kwana 6 kafin shiga, ko a ranar, ko cikin kwana 6 bayanta. Wanda ya wuce haka tarar fam 120 ce, ta koma 60 in an biya cikin kwana 14.

Inda aka fi yin asara shi ne lissafin rana. Daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare take, ba daga lokacin da ka shiga ba. Direban da ya kai fasinja ƙarfe 11 na dare ya fito ƙarfe 1, kwana biyu ake bin sa, fam 16. Amma shiga da fita sau goma a yini ɗaya biya ɗaya ne.

Sai dai a san abin da dokar ta sa a gaba. Iskar naitirojin dayoksaid mai lalata huhu take yaƙa, wadda iyakarta a doka maikirogiram 40 ce a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin shekara. Sabuwar motar dizal mai shan mai kamar ruwa tana wucewa kyauta alhali tana fitar da kabon, iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Ribar da yanayi ke samu ta bayan fage ce: doka ta tilasta wa majalisar zuba rarar kuɗin a harkar sufurin birnin.