Kaki ko Farar Riga: Abin da Nas Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Zaɓi Aikin Soja

Duk lokacin da rundunar soja ta fitar da sanarwar ɗaukar hafsoshi, sai ka ga ɗaliban jinya da waɗanda suka gama bautar ƙasa suna ta tura wa juna, ana tambayar a shiga ko kada a shiga. Yawancin muhawarar a kan albashi take ƙarewa, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da amsoshinsu.

Ta wace ƙofa nas ke shiga soja a Najeriya?

Ta farko ita ce ta hafsoshi, wadda ake kira DSSC, ta masu ilimin sana'a da rundunar ke buƙata. A nan ana neman digirin jinya, da lasisin Majalisar Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, da takardar gama bautar ƙasa. Wanda aka ɗauka zai yi horon wasu watanni: sojan ƙasa a Jaji, sojan sama a Kaduna, sojan ruwa a Onne ta jihar Ribas. Idan ya gama ya fita da muƙamin laftanar, ko daidai da shi a sauran rundunonin.

Ta biyu ita ce ta kurtu, ta makarantar horar da kuratan soja da ke Zariya, inda ake ɗaukar masu sana'a, har da ma'aikatan lafiya. Nas mai RN kaɗai, wato mai rajistar jinya amma ba shi da digiri, yakan bi ta nan. Sai dai ƙaramin soja da hafsa ba ɗaya ba ne, a albashi, a masauki, da kuma wanda ke sara wa wani. Tsallakawa daga wannan layin zuwa wancan yana yiwuwa, amma yana cin shekaru kuma ba kowa ke samu ba. A ganina wanda saura masa shekara ɗaya ko biyu ya haɗa digiri, gara ya daure ya haɗa, muddin shekarunsa ba za su wuce ƙa'ida ba.

Akwai ƙofa ta uku da mutane ke mantawa da ita: Ma'aikatar Tsaro tana da ma'aikatan jinya farar hula da ke aiki a asibitocin soja. Suna cikin bariki, amma ba su sa kaki ba, kuma ƙa'idojin aikin gwamnati ke kansu.

Jinyar da ake yi a bariki ta bambanta da ta asibitin gari?

A ranakun lumana bambancin kaɗan ne. Asibitin 44 da ke Kaduna, ko na 68 da ke Yaba a Legas, ko na sojan sama a Kano, duk suna karɓar matan sojoji da 'ya'yansu, har da mutanen gari. Zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, awon ciki, haihuwa, rigakafin yara, dutin dare, duk ga su nan. Abin da ya ƙaru shi ne raunin harsashi da na bam, yanke gaɓa, da jinyar sojan da ya dawo daga daji jikinsa lafiya amma barci ya gagare shi.

Babban bambancin yana wajen asibitin. Kai soja ne tukuna kafin ka zama nas. Akwai fareti, akwai gwajin ƙarfin jiki, akwai kwasa-kwasai da jarrabawar ƙarin girma waɗanda ba ruwansu da allura. Muƙamin da ke kafaɗarka shi ke magana kafin gogewarka a ɗakin tiyata. Kuma yayin da hafsa ke hawa sama, aikin ofis da shugabanci na ƙaruwa, tsayuwa a gefen gadon mara lafiya na raguwa. Wanda ya shiga jinya don son taɓa majinyaci da hannunsa ya sa wannan a lissafi.

Za a iya tura ni fagen daga?

Ƙwarai kuwa. Duk wanda ya ce maka ma'aikatan lafiya ba sa zuwa, bai faɗa maka gaskiya ba. Bataliya ba ta fita ba tare da masu kula da lafiyarta ba, kuma yaƙin arewa maso gabas, wanda tun 2021 ake kira Hadin Kai, yana da asibitoci a Maiduguri da ƙananan wuraren jinya a can cikin daji. A irin waɗannan wuraren wani lokaci nas ne babban ma'aikacin lafiya: shi zai tsayar da jini, ya buɗe hanyar numfashi, ya yanke shawarar wa za a fara ɗauka idan jirgi ya zo. Najeriya ta kuma tura ma'aikatan lafiya aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashe irin su Laberiya da yankin Darfur na Sudan.

Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta haramta kai wa ma'aikacin lafiya hari, ta kuma ba shi izinin riƙe ƙaramin makami don kare kansa da majinyatansa. Amma masu tayar da ƙayar baya ba su san wannan doka ba. Kuma kada a ɗauka farar riga garkuwa ce. Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomin da aka sace a Rann a watan Maris na 2018 aka kuma kashe su a cikin shekarar, ba sojoji ba ne, da ƙungiyar agaji ta Red Cross suke aiki. Allah Ya ji ƙansu. Bambancin shi ne farar hula na da ikon cewa ba za shi wuri kaza ba, mafi munin abin da zai same shi ya rasa aikin. Soja ba shi da wannan ikon.

Wane ɓangare ya fi kuɗi?

Ya danganta da wanda kake kwatantawa da shi. Nas ɗin asibitin tarayya, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika da ke Zariya, yana kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS, kuma yanayinsa ya fi na takwaransa a yawancin jihohi, balle ƙananan asibitocin kuɗi da ke biyan abin da ba ya kai mutum ƙarshen wata. Soja na da nasa tsarin albashin, ga masauki a bariki idan an samu, ga kula da lafiyar iyali, ga alawus idan yana bakin aiki a daji.

Inda soja ya yi zarra shi ne fansho. An cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo da sauran ma'aikatan tarayya ke ciki, suna da hukumar fanshonsu ta daban. Amma wannan ribar ta wanda ya daɗe ce. A ɗaya ɓangaren, farar hula na iya yin aikin wucin gadi a wani asibitin bayan ya tashi, kuma yana da ƙungiya. A ƙarshen Yulin 2025 nas-nas na asibitocin tarayya sun tafi yajin aikin gargaɗi kan alawus da yanayin aiki. Nas mai kaki ba ya yajin aiki, ba ya zanga-zanga, ba ya zuwa Facebook ya yi ƙorafi.

Idan na shiga na ga bai yi mini ba, zan iya fita?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma ita ake barin ta ƙarshe. A aikin farar hula ka rubuta takardar ajiye aiki, ka cika wa'adin sanarwa, ka kama gabanka. A soja neman izini kake yi, kuma ana iya ce maka a'a, musamman idan rundunar ta kashe kuɗi ta horar da kai ko ana ƙarancin masu sana'arka. Wanda ya yi tafiyarsa ba izini ya aikata laifi a ƙarƙashin Dokar Sojoji, kotun soja ce za ta saurare shi. Har akwai hafsoshin da sai da suka je kotun ma'aikata ta ƙasa kan an hana su ajiye aiki.

Haka batun canjin wurin aiki. Sigina ɗaya, wato saƙon umarni daga sama, za ta ɗauke ka daga Kaduna zuwa Fatakwal ko Monguno, ko da matarka na da tsohon ciki, ko da kai kaɗai ke kula da mahaifiyarka. Ana iya roƙo, wani lokaci a duba, amma ba haƙƙinka ba ne.

Sai kuma ɗaya gefen, wanda shi ma gaskiya ne: ƙofar soja ba ta jira. Kowace sanarwa tana da iyakar shekaru, wata rundunar ta tsaya ƙasa da 30, wata ta ɗan haura. Asibitin gwamnati zai iya ɗaukar ka kana da 38, soja ba zai ɗauka ba. Don haka mai sha'awar kaki da gaske ba shi da damar cewa bari in yi shekara goma a gari tukuna in gani. Kafin ka cike fom, nemi kundin sharuɗɗan aikin soja, HTACOS, ka karanta sashen wa'adin aiki da na ritaya, sannan ka zauna da nas ɗin da ya yi shekaru a ciki, ba wanda ya fito daga horo jiya yana ɗaukar hoto ba.

Ni mace ce. Aikin zai haɗu da aure da raino?

'Yar'uwa, mata sun daɗe a wannan layin. Mace ta farko da ta zama hafsa a sojan Najeriya, Josephine Tolefe, nas ce, a 1961. Mace ta farko da ta kai Manjo Janar, Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa ce da ta shugabanci sashen lafiya na sojan ƙasa. Aikin yana haɗuwa da aure, amma da sharaɗi. Ba a shiga horo da juna biyu, kuma soja na neman izinin shugabanninsa kafin ya yi aure. Abin da ya fi wuya shi ne canjin gari: mijin da ke da shago a Kwari ba zai bi ki Enugu ba. A yi wannan maganar da shi, da iyaye, tun kafin a sa rana, kada a bar ta sai sigina ta fito. Idan kin san zuciyarki ba za ta jure barin yara wata da watanni ba, aikin farar hula a asibitin soja ko na tarayya ba ci baya ba ne.

Burina in ƙaro karatu, ko in fita waje. Wanne ya fi dacewa?

In dai burinka Ingila ne ko Saudiyya ko Amurka nan da shekara uku, kada ka shiga soja. Majalisar NMCN ta ce sama da nas 15,000 suka bar ƙasar a 2023 kaɗai, kuma hanyarsu ta farar hula ce: gogewa a asibiti, jarrabawar Turanci ga ƙasashen da ke nema, jarrabawar lasisin ƙasar da za a je, sai tantance takardu. Hafsa kuwa ko ziyara zai je waje sai da izini.

Ƙarin karatu a cikin gida yana samuwa a ɓangarorin biyu. Akwai kwas ɗin jinyar ƙashi a Dala, na ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, na taɓin hankali a Barnawa, ga na gaggawa da na ɗakin tiyata a asibitocin koyarwa. Soja kan tura nasa, amma fannin da yake buƙata da lokacin da ya ga dama. Kowane ɓangare kake, kada ka bar lasisinka ya mutu, domin shi ne abin da za ka fita da shi ranar da ka tuɓe kaki.

Wani ya ce in kawo kuɗi zai sa sunana. In bayar?

Kada ka bayar. Fom ɗin kyauta ne, a shafin intanet na rundunar ake cike shi, kuma rundunonin da kansu suna nanata haka a kowace sanarwa. Ko da sunanka ya fito, akwai tantance takardu, gwajin lafiya, gudu, da ganawa da kwamiti, kuma takardar bogi ko rage shekaru na iya sa a kore ka ko bayan ka fara aiki. Kuɗin da za ka ba ɗan damfara, sabunta lasisinka da su, ka sayi takalmin gudu, ka fara motsa jiki tun watanni kafin a kira ku tantancewa.