Aron Katin Shiga Gandun Daji Daga Laburare a Amurka

Aron katin shiga gandun daji wani tsari ne da wasu jihohin Amurka suke gudanarwa, inda mai katin laburaren gwamnati zai karɓi aron takardar izinin shiga wuraren shaƙatawa na jiha kyauta, kamar yadda yake karɓar aron littafi. Ya yi amfani da ita na 'yan kwanaki, ya mayar, wani ya karɓa.

Dalilin kafa tsarin shi ne kuɗin ƙofa. A da yawa daga cikin gandayen daji da bakin teku da jiha ke kula da su, ana biyan kuɗi kan kowace mota kafin a shiga. Ga mai hali ba wani abu ba ne. Ga magidanci mai ƙaramin ƙarfi kuwa, wanda zai sayi mai da abincin yara, wannan kuɗin ne kan sa a fasa tafiyar, alhali da harajin jama'a ake kula da wuraren. Laburare kuma yana kusan kowace unguwa, katinsa kyauta ne, ba a kuma tambayar mai aro nawa yake samu.

Jihar Jojiya na cikin waɗanda suka fara, tun 2008. Kolorado ta bi sahu a 2016, ta ƙara da jakar goyo mai ɗauke da tabaron hangen nesa da ƙananan littattafan gane tsuntsaye da tsirrai. Ana bayar da ita har tsawon mako guda.

Ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen shi ne na Kalifoniya. An ƙaddamar da shi a watan Afrilun 2022, bisa haɗin gwiwar hukumar gandayen daji ta jihar da babban laburaren jihar. Da kati 5,000 aka fara, aka rarraba wa laburare fiye da 1,100, har da motocin da ke kai littattafai ƙauyuka. Da buƙata ta yi yawa, mutane suna jiran layi, sai aka ƙara adadin zuwa 33,000. Katin yana ba mota ɗaya mai ɗaukar mutum tara ko ƙasa da haka, ko babur ɗaya, damar shiga wurare sama da 200 na yini. Direba ya rataya shi a madubin cikin mota, ma'aikacin ƙofa ya duba ya buɗe hanya. Kowane laburare shi ke tsayar da yawan kwanakin aro.

Katin yana da iyaka. Ba ya biyan kuɗin kwana a tanti, ba ya kuma aiki a gandayen da ke hannun gwamnatin tarayya, irin su Yosemite. Sannan bai magance matsalar wanda ba shi da abin hawa ba, kuma wannan giɓi ne babba, domin wurare da yawa motar haya ba ta zuwa.

Rauninsa mafi girma shi ne dogaro da kasafin kuɗin jiha. A 2024, da Kalifoniya ta shiga giɓin kasafi, daftarin farko na gwamna Gavin Newsom bai ware wa shirin komai ba. Ma'aikatan laburare da ƙungiyoyin masu kishin gandun daji suka yi ta kai koke ga 'yan majalisa, har aka mayar da dala miliyan 6.75 domin shirin ya ci gaba.