El Ghriba: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Tun da na ambaci wurin ibadar Yahudawa na El Ghriba ake ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya. Ga amsa, don Allah kada a maimaita.

A Isra'ila yake?

A'a. Tunisiya, tsibirin Jarba, ƙauyen Erriadh.

Dama akwai Yahudawa a ƙasar Larabawa?

Haba malam! A 1948 sun kai wajen 100,000 a Tunisiya. Yau kimanin 1,000 ne a Jarba. Larabci suke yi a gida, da yawansu maƙeran zinariya da azurfa ne a kasuwar Houmt Souk.

Shekararsa nawa?

Su dai sun ce limamansu ne suka gudo da Bukhtanasar, sarkin Babila, ya rushe Haikalin Ƙudus, shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, suka taho da dutse daga can. Wannan zancen kaka da kakanni ne. Ginin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 19 ne. Kada ka cakuɗa su.

Musulmi zai iya shiga?

To, nan sai a hankali. Idan hukuncin addini kake nema, je wurin malaminka, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Idan ƙofa kake tambaya, ana barin baƙi su shiga, har maƙwabtansu Musulmi kan leƙa lokacin ziyarar shekara da Yahudawa ke kawowa wurin, wadda galibi ke faɗawa watan Mayu. Amma kada ka je ranar Asabar, ranar hutunsu ce. Za ka cire takalmi, ka rufe kai. Wannan ai ba baƙon abu ba ne gare ka. Binciken jami'an tsaro kuwa sai ka yi haƙuri, ka riƙe fasfonka. A Afrilun 2002 ɗan Alƙa'ida ya tayar da tankar gas a bakin wurin, mafi yawan mamatan Jamusawa 'yan yawon buɗe ido. A Mayun 2023 kuma wani jami'in tsaro ya harbe mutum 5. Saboda haka dokar shiga kan canza, wani lokaci a taƙaita bikin ma. Ka bincika kafin ka sayi tikiti.

Wai ƙwai suke bauta wa?

Wa ya gaya maka? Allah ɗaya suke bauta wa. Al'ada ce: mace ta rubuta suna a jikin ƙwai, ta durƙusa ta ajiye shi cikin wani ɗan kogo mai kyandirori, tana fatan miji ko haihuwa.