Sharhin mujallun labarin zane na tsafi da aljanu

Sharhin mujallun labarin zane na tsafi da aljanu rubutu ne da ake yi don auna fitowa guda ta mujallar da ke ba da labari ta hanyar zane, wadda jigonta sihiri ne, ko fatalwa, ko aljanu, ko masu shan jini, ko wata duniya da marubuci ya ƙaga. Al'adar ta fi kafuwa a Amurka, inda ake fitar da irin waɗannan labarai kashi-kashi, galibi wata-wata. Mai wannan sharhi yana yanke hukunci ne a kan yankin labarin da bai ƙare ba, kuma mafi yawan hujjarsa tana cikin zanen, domin a nan ne ake gane ko an sa mai karatu ya yarda da abin da ido bai taɓa gani ba.

Abin da ake yi wa sharhi

Fitowa guda a Amurka tana da shafi 32 a al'ada, faɗinta kusan santimita 17, tsawonta kusan 26. Takardu takwas ake ninkawa biyu a ɗinke su da waya a tsakiya, shi ya sa adadin shafuka ke ƙaruwa huɗu-huɗu. Labarin kansa yakan ci shafi 20 zuwa 22, saura talla ne da wasiƙun masu karatu. A wasu shekaru na 1970 labarin ya ragu har zuwa shafi 17. Hannu biyar ne suka fi yin aikin: marubuci, mai zane da fensir, mai bin zanen da tawada, mai sa launi da mai rubuta haruffa, sai edita a kansu. Bango kuma sau da yawa wani mai zane ne daban yake yin sa.

Tarihi

Daga 1950 kamfanin EC Comics na William Gaines ya riƙa fitar da mujallun ban tsoro uku da suka yi kasuwa sosai: Tales from the Crypt, The Vault of Horror da The Haunt of Fear. Kowace fitowa tana ɗauke da gajerun labarai huɗu masu shafi 6 zuwa 8, kowanne da ƙarshe mai juyi. Masu karatu sukan rubuto wasiƙa su jera labaran daga wanda ya fi burge su zuwa na ƙarshe, kuma a cikin irin waɗannan wasiƙu ne ake ganin tsiron sharhin fitowa. Wajen 1953 wasu matasan masoya EC suka fara buga 'yan ƙananan mujallu na kansu suna tattauna aikin masu zanen ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar 1954 ta katse wannan. A cikinta ne likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, yana ɗora wa mujallun zane laifin lalacewar tarbiyyar yara, kuma a watan Afrilu wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a New York ya saurari shaidu, ciki har da Gaines. Kafin shekarar ta ƙare kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority, wadda ke buga hatiminta a bangon duk mujallar da ta amince da ita. Dokokinta sun hana gawa mai tafiya, da masu shan jini, da masu cin gawa, da mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci. Masu rarraba mujallu suka ƙi ɗaukar wadda ba ta da hatimi, EC kuma ta rufe mujallunta na ban tsoro. A 2012 mai bincike Carol Tilley ta duba takardun Wertham ta nuna cewa ya sauya bayanan yaran da ya kafa hujja da su. Ana dai ci gaba da saɓani kan girman rawar da littafin nasa ya taka shi kaɗai.

Labarin aljanu ya sami mafaka ta wata ƙofa. Kamfanin Warren ya fitar da Creepy a 1964, Eerie a 1966 da Vampirella a 1969, duk a babbar takarda, baƙi da fari, abin da ya sa aka lissafa su cikin mujallun manya waɗanda hukumar ba ta da iko a kansu. Rashin launi ya tilasta wa masu zane su kawo tsoro da inuwa da wankin tawada kawai, kuma masu sharhi har yau suna komawa ga waɗannan shafuka idan suna maganar amfani da baƙi. A cikin mujallu masu hatimi kuwa, sihiri ya rage ne a sigar da ba ta da jini, kamar Doctor Strange da Steve Ditko ya fara zanawa a 1963, mai cike da duniyoyin da ba su da sama ko ƙasa.

Sharhi a matsayin rubutu mai zaman kansa ya girma a wannan tsakanin. Wajen 1961 editan kamfanin DC Julius Schwartz ya fara buga cikakken adireshin masu aiko da wasiƙa, masu karatu suka san juna, kuma a shekarar ce Jerry Bails da Roy Thomas suka fara mujallar masoya mai suna Alter Ego. Thomas ɗin ne daga baya ya rubuta Conan the Barbarian na kamfanin Marvel, wanda ya fara a 1970 da zanen Barry Smith ya buɗe kasuwar labarin takobi da tsafi. A 1971 aka sassauta dokar, aka yarda da masu shan jini da masu rikiɗa muddin an bi salon tsofaffin littattafan adabi, amma gawa mai tafiya ta ci gaba da zama haramtacciya. Nan da nan The Tomb of Dracula da Swamp Thing suka fito, dukansu a 1972.

A 1976 Gary Groth ya karɓi wata mujallar masu tara kayan tarihi daga baya ya mayar da ita The Comics Journal, wadda ta ɗauki labarin zane da ma'aunin adabi, ba ta kuma jin nauyin sukar manyan kamfanoni. Amazing Heroes, daga 1981 zuwa 1992, ta fi kusa da mai saye na yau da kullum, tana sharhin fitowa ɗaya-ɗaya. Wannan shi ne yanayin da marubuci Alan Moore ya tarar sa'ad da ya karɓi Swamp Thing, tare da masu zane Stephen Bissette da John Totleben. Fitowa ta 21, a 1984, ta sake fasalin asalin dodon gaba ɗaya cikin kashi guda, ta zama misalin da ake kawowa na abin da fitowa ɗaya za ta iya ɗauka. Fitowa ta 29 hukumar ta ƙi sa mata hatimi, DC ta buga ta haka, ba da jimawa ba kuma ta daina kai mujallar wurin tacewa. Hellblazer ta biyo baya a 1988 ta kai fitowa 300. The Sandman na Neil Gaiman ya yi fitowa 75 daga 1989 zuwa 1996, kuma ta 19, da zanen Charles Vess, ta ci kyautar World Fantasy ta gajeren labari a 1991. Ana yawan cewa an sauya ƙa'idar gasar bayan haka, masu shirya ta kuma sun ce tun asali ba a tanadi rukunin don labarin zane ba. A 1993 edita Karen Berger ta tattara irin waɗannan mujallu ƙarƙashin sunan Vertigo. Marvel ta bar hukumar tacewa a 2001, DC da kamfanin Archie suka bi a 2011.

Daga tsakiyar shekarun 1990 sharhin ya koma intanet, daga baya kuma zuwa bidiyo da shirye-shiryen sauti.

Yadda ake karanta fitowa

Masu sharhi da yawa suna karanta fitowa sau uku. Na farko kai tsaye ba tsayawa, kamar kowane mai saye. Na biyu ana bin zanen kaɗai ba a karanta magana, don a ga ko za a gane wanda ya shigo, da inda yake tsaye, da abin da ya tsorata shi. In labarin ya ɓace a wannan karatun, to marubuci ne ke ɗauke da mai zane. Na uku shi ne na ƙidaya da dubawa.

Juya shafi shi ne babban makamin labarin tsoro. Shafi na 1 yana hannun dama, don haka shafuka masu lamba 2, 4, 6 su ne ke ɓoye har sai an juya takarda. Ƙwararren marubuci yana sa hannun da ke murɗa ƙofa a akwatin ƙarshe (wato hoton ƙarshe a jerin hotunan shafi) na shafin dama, fuskar aljanin kuma a shafin hagu na gaba. In aka sa ta a shafin dama, ido ya riga ya hango ta tun yana karanta na hagu, tsoron ya zube. Kafin a ɗora wa marubuci laifi, a duba ko shafin talla ne ya ture lissafin, domin hakan na faruwa, kuma yakan gyaru idan an haɗa labarin a littafi. Karatu a waya, inda ake nuna akwati ɗaya-ɗaya, yana sauya wannan duka, saboda haka ya kamata mai sharhi ya faɗi sigar da ya karanta.

Sai ratar da ke tsakanin akwati da akwati. Scott McCloud, a littafinsa na 1993, ya yi bayanin yadda mai karatu ke cike abin da ya faru a cikin wannan farar tazara da tunaninsa. A labarin aljanu ana duba abin da aka nuna da abin da aka bari a ratar: gatari a sama a akwati ɗaya, ihu a kan rufin gidaje a na gaba. Dodon da aka zana sarai da cikakken haske tun shafi na 3 ba ya da sauran abin da zai ba da a shafi na 20. Mike Mignola, wanda ya fara jerin Hellboy a 1994, yana cika rabin akwati da baƙi ƙirin, ya kuma saka ƙananan akwatuna na gunki ko tsuntsu ko ƙwarangwal tsakanin magana, don a rage gudun karatu a ji nauyin wurin.

Aikin tawada ne aka fi zalunta a sharhi. Gene Colan, wanda ya zana The Tomb of Dracula duka fitowa 70, yana aiki da toka-tokar fensir mai kama da hayaƙi, abin da injin bugu na lokacin ba ya iya ɗauka. A mafi yawan fitowar, mai tawada Tom Palmer ne ya mayar da wannan hayaƙin layuka da ɗigo da za su bugu. Wanda ya yaba hazon mujallar bai ambaci Palmer ba ya bar rabin gaskiya.

Haruffa su ne muryar abin da ba mutum ba. Todd Klein ya ba jarumin The Sandman balan-balan ɗin magana baƙi mai gefe a karkace da farin rubutu, har ana gane shi ne ke magana ko ba ya cikin akwatin. Kuskuren da aka saba gani shi ne jan rubutu a kan baƙi ko haruffa masu ƙawa da yawa, waɗanda ke dushewa a bugu har a kasa karantawa. Akwai kuma ƙa'idar yawan kalmomi da ake dangantawa da editan DC Mort Weisinger: a shafi mai akwati 6, kada akwati ya wuce kalma 35, wato 210 a shafi. Labarin ƙagaggiyar duniya ne ya fi karya ta, domin marubuci na son zuba tarihin sarauta da sunayen alloli a fitowar farko, sai magana ta rufe zanen.

Launi yana buƙatar sanin zamanin bugu. Kafin kwamfuta, mai launi yana da kala 64 kawai, daga gauraya shuɗi, ja da rawaya a kashi 25, 50 ko 100 cikin ɗari, a kan takarda mai shan tawada. Da wannan Tatjana Wood ta yi wa Swamp Thing launi. Da aka sake wa jerin launi a babban bugu na 2019, masu karatu sun rabu: wasu sun yi maraba, wasu sun ce sabon launin ya danne siraran layukan Totleben.

A ɓangaren rubutu, tambaya ta farko ita ce dokar sihirin: me yake iyawa, me ba ya iyawa, kuma me ake biya. Boka da ya kasa buɗe ƙofa a fitowa ta 2 ya rushe gari a ta 5 ba tare da wani dalili ba ya kashe fargabar mai karatu, tunda kowace matsala tana iya warwarewa da sabuwar laya. Labarin fatalwa kuwa yakan lalace ne ta yawan bayani.

Fitowa a matsayin kashi

Tun farkon shekarun 2000 kamfanoni ke tsara labari a kashi 5 ko 6 don a haɗa shi littafi guda. Sakamakonsa shi ne fitowar tsakiya da ake karantawa cikin minti biyar ba abin da ya motsa. Wasu masu sharhi suna ganin a jira labarin ya cika, wasu kuma suna cewa wanda ya biya dala 4 ko 5 ya cancanci farko da tsakiya da wani irin ƙarshe a abin da ya saya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne a tambayi abin da ya sauya tsakanin shafin farko da na ƙarshe.

Tona asiri, maki da lokaci

Al'ada ita ce kada a faɗi abin da ke shafin ƙarshe sai da gargaɗi. Maki kan zama cikin 5 ko cikin 10, wasu kuma ba sa ba da maki sam. Sababbin fitowa suna isa shaguna ranar Laraba, kuma kamfanoni kan aika wa masu sharhi kwafi kwanaki kaɗan kafin nan bisa sharaɗin kada a buga sai ranar da aka sa. Masu shaguna kuwa suna rufe odarsu makonni kafin fitowa, kuma galibi ba a mayar da abin da bai sayu ba, don haka sharhin fitowa ta 1 ba ya taɓa yawan bugunta. Tasirinsa yana sauka ne a kan odar fitowa ta 2 ko ta 3 da kuma littafin da za a haɗa daga baya.