Me Ake Nufi da "Ƙirar Kafaɗa" a Jikin Sa?

Ƙirar kafaɗa ita ce yadda allon kafaɗar sa ya zauna: karkatarsa, faɗinsa, da yadda ya lafe da haƙarƙari. Ba tozo ake nufi ba. A tiken Gombe (kasuwar dabbobi) ko kasuwar Alƙaleri, ido kan fara sauka kan tozon sa irin Bokolo, a manta da ƙashin da ke ƙasa da shi, alhali shi ke ɗauke da jidali.

Ƙafafun gaba ke ɗaukar fiye da rabin nauyin sa. Allon kafaɗa kuwa babu gaɓar ƙashi da ta haɗa shi da gangar jiki, tsoka ce ta riƙe shi. Idan ya kishingiɗa daidai, wajen digiri 45 zuwa 60, yakan shanye jijjigar kowane taku. Idan ya miƙe ƙyam, nauyin sai ya sauka kai tsaye kan gwiwa da kofato. Taku ya gajarce, kai ya sunkuya, bakin kofato ya cinye, daga baya gaɓoɓi su kumbura. In kuma karkatar ta yi yawa, kofaton ne zai yi zaƙo-zaƙo.

Masu turka su suka fi jin wannan a aljihu. Sa ya yi wata 3 yana cin dusa da harawa, nauyi na ƙaruwa, ƙafa na gazawa. Wanda tsayuwa ke wa ciwo kwanciya yake yi, ci ya ragu, ƙiba ta tsaya. Na garke kuwa, da rani ya tsananta, shi ne kullum a baya wajen zuwa mashaya.

Gwajin ba shi da wuya. A sa dillali ya kora san a fili mai laushin ƙasa, ka bi sawun: kofaton baya ya kamata ya faɗa cikin sawun na gaba. In yana gazawa, akwai magana. Sannan ka tsaya gabansa ka duba ko kafaɗun sun bankaro waje.

Wannan bankarowa ita ce babban haɗari a bijimin barbara, domin ƙira gado ce. Maraƙi mai faɗin kafaɗa yakan maƙale a ƙugun uwa, musamman karsana mai haihuwar fari da aka haɗa da babban irin waje kamar Simmental. Irin wannan bijimi, komai kyan jikinsa, gara a dandaƙe shi a turke.