Waiwaye: fostocin da suka mayar da mutanen Ingila 'yan kwana-kwana

Abin da ya fi ƙone garuruwan Ingila a yaƙin duniya na biyu ɗan ƙaramin bam ne mai kilo 1 kacal, tsayinsa ko kamu ɗaya bai kai ba, jikinsa na magnesiyam. Jirgin Jamus ɗaya sai ya zubo ɗaruruwa, bam ɗin ya huda rufi ya kwanta cikin silin yana ci da wuta, in an same shi da wuri mutum ɗaya ma zai kashe shi amma in aka bar shi 'yan mintuna to gidan ya tafi kenan.

Haka aka yi wa birnin Coventry ran 14 ga Nuwamba 1940, babban cocinsu ya ƙone ƙurmus. Sai kuma daren 29 ga Disamba a tsakiyar Landan, ranar Lahadi ce fa, ofisoshi da sito-sito duk a kulle ba kowa a kan rufi, ga ruwan kogin Thames ya janye, 'yan kwana-kwana suna kallon wuta ba isasshen ruwa. Wallahi wannan sakacin ya fi ba ni haushi, dukiya ta ƙone saboda ba mai gadi. Bayan kwana 2 minista Herbert Morrison ya hau rediyo ya kira jama'a su fito, a Janairun 1941 gadin gobara ya zama dole, awa 48 a wata, daga baya har mata aka saka.

Nan fostoci suka cika bango. Akwai wanda aka zana bam ɗin da mugun fuska aka sa masa suna Fritz, an rubuta cewa Birtaniya ba za ta ƙone ba. Amma ni waɗanda suka fi burge ni su ne masu koyarwa dalla-dalla: kar ka kwara masa bokitin ruwa don tartsatsi zai yi ya watsu, ka rufe shi da buhun yashi ko ka fesa da ɗan famfon hannu, mutum uku, ɗaya na buga famfo ɗaya na ɗebo ruwa ɗaya ya rarrafa da tiyo, kansa a ƙasa saboda hayaƙi.

Da Jamusawa suka fara saka abin fashewa a wasu bama-baman, dole aka canza umarnin a 1942, aka ce a laɓe bayan bango tukuna a harba ruwan daga nesa.